Kan maganar ka ta jiya, wai mu bar na'ura ta rubuta

Toh yaro na, jiya da muna rufe shago ka ce mani Oga me ya sa muke kwana muna rubuta maganar tsofaffin nan masu harsunan da ke shirin ɓacewa da hannu alhali ga manhajar da za ka zuba mata murya ta fito maka da rubutu. Sauri nake in samu magariba a Kofar Kaura shi ya sa ban tsaya ba, amma tambayar taka mai kyau ce.

Na'urar nan ba ta san abin da ba ta taɓa ji ba. Manhajar Whisper mai mayar da murya rubutu da kake ta yabo, da aka fitar a 2022, awa 680,000 na magana aka ɗura mata kafin ta iya, kuma duk da haka zuba mata Katsinancin kakarka mai cewa hwara da hwarin wata ka ga yadda za ta rikice. Toh Hausa ke nan mai miliyoyin mutane da rediyo da finafinai. Ina ga harshen da tsofaffi biyar suka rage a wani ƙauye bayan dutse a ƙasar Bauchi, wa ya taɓa ɗaukar muryarsu balle a koya mata? Mu ne za mu fara rubuta awannin farko, sai sun taru sannan a horar da ita ta riƙa yi mana zubin farko muna gyarawa.

Kar ka ɗauka ina ƙin kwamfuta, da ita nake ci. Manhajar ELAN ɗin da nake sa ka yanka magana jimla jimla da ita, cibiyar Max Planck da ke Holan ce ta yi shi kuma kyauta ne, layi ɗaya harshen layi ɗaya fassarar Hausa, ka danna kalma ta kai ka daidai daƙiƙar da tsoho ya faɗe ta. Manhajar FLEx kuma na tara ƙamus. Praat kuma shi ke nuna maka hawa da saukar murya a allo, kuma wannan shi ne wurin da nake so ka natsu sosai, don ko a Hausa fara ta ci daban, fara ta riga daban, fara aiki daban, rubutu ɗaya amma karin sauti da jan wasali ne suka raba su, in ka ɓata wannan a harshen da ba mai gyara maka nan da shekara ashirin ka ɓata shi ke nan har abada. Ni minti ɗaya na hira kan ci mani kusan awa guda.

Wani abu ya taɓa faruwa da ni da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wata tsohuwa ta yi mani waƙar daka, kusan ita kaɗai ta rage da ita a ka, na ɗauka da waya ga janareton maƙwabci na ta ruri, na turo ta WhatsApp ya ƙara matse ta. Da na sa a kunne rabin baitocin ba sa fita. Na koma bayan damina na tarar an yi sadakar arba'in ɗinta. Tun ranar ban ƙara fita ba rikoda ba, fayil ɗin WAV kawai wanda ba ya matse murya, ban da MP3 mai matse ta, makirfo kusa da baki, belun kunne a kaina tun daga bismillah.

Najeriya na da harsuna sama da 500. Auyokanci da Teshenanci nan Jigawa kusa da mu sun tafi, Ajawanci a Bauchi ma haka, jikokinsu duk Hausa suke yi, harshenmu ne ya haɗiye su, shi ya sa nake jin nauyin aikin nan a wuyana.

Gobe ka zo da wuri. Ka yi cajin batura, ka kwafe ɗaukar Talata wuri biyu, kowane fayil ka sa mashi gari da kwanan wata da wanda ya yi magana, ka duba ko mun ɗauki yardarsa da bakinsa a farko. Ka zuba ma jikan dattijon nan kwafinsu a memori, na yi masu alkawari.