Me Ya Kamata Sabon Malami Ya Fara Saya?

Tambaya: Na samu aikin koyarwa a firamare, kuma zan fara a zango mai zuwa. Shin in sayi kwamfuta da 'yan kuɗin da na tara, ko akwai abin da ya fi ta muhimmanci?

Amsa: Malama, ina taya ki murna. Shawarata ita ce ki riƙe kuɗinki har sai kin yi wata guda a ajin, domin a yanzu ba ki san yawan yaran ba, ba ki san ko akwai lantarki a ɗakin ba, balle abin da makarantar ta riga ta tanada. Kwamfuta tana da amfani wajen buga jarrabawa da adana maki, amma za ta iya jira.

Ki fara da littafin rubutu mai kaurin bango. A shafin dama ki rubuta shirin darasi, ki bar na hagu fari, da zarar an tashi sai ki rubuta abin da ya faru a zahiri, misali cewa rabin ajin sun rikice a wurin aro a lissafin ɗebewa, ko kuma cewa yarinyar da ke kusa da taga tana matse ido kafin ta karanta allo. Daga wannan shafin ne darasin gobe zai fito.

Sai agogon hannu mai nuna sakan, domin malamin da ke ciro waya a aji ya riga ya raba hankalin yara. Agogon yana da wani aiki da ya fi wannan. A 1972 Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta bayyana cewa malamai kan jira kamar sakan 1 ne kawai bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai jiran sakan 3 ko fiye, amsoshin ɗalibai suna ƙara tsawo, waɗanda suka saba yin shiru ma suna buɗe baki. Don haka ki riƙa duba agogon ki jira sakan 3 bayan kin yi tambaya. Shirun zai yi miki nauyi da farko, amma ki daure. Ki haɗa da takalmi maras tsini, tunda a tsaye za ki wuni.

Tambaya: Ana sayar da shiryayyun darussa na shekara guda a intanet. In saya, ko in riƙa rubuta nawa?

Amsa: Malam, ka rubuta naka, ko da zai ci maka lokaci. Wanda ya shirya waɗancan darussa bai taɓa ganin ajinka ba, kuma mai yiwuwa manhajar da ya bi ta sha bamban da ta makarantarku. Ranar da yaro ya ɗaga hannu daga layin baya ya ce, "Malam, me ya sa haka?", wanda ya haddace rubutun wani ne yake kamewa, shi kuwa wanda ya zauna ya tsara bayanin da kansa yakan samu wata hanyar faɗarsa. Idan za ka kashe kuɗi, ka sayi littafin da makaranta ta amince da shi tare da littafin jagoran malami. Ka kuma roƙi wanda ya riƙe ajin kafin kai ya ara maka tsohon littafinsa, domin ka ga inda yaran suka tsaya.

Tambaya: Ajina farin allo ne. Wace maka, wato alƙalamin rubutu a allo, zan saya?

Amsa: Malama, ki karanta jikinta ki tabbatar ta farin allo ce mai goguwa, ki zaɓi baƙa ko shuɗiya domin na baya su gani sosai. Idan kuma aka yi kuskuren rubutu da wadda ba ta goguwa, ki bi kan rubutun da mai goguwa, sannan ki share tun tawadar ba ta bushe ba.