Amsa: Shin dokin nan zai ɗauki mai kilo 80 a hawan Sallah?

Malam, ka ce ingarman da aka kawo maka unguwar Aboabo a Kumasi yana da ƙiba, amma kana shakkar ko zai ɗauke ka. Kada ƙiba ta ruɗe ka, auna shi tukuna. Zagaya ƙirjinsa da tef inda majayi ke zama, sannan ka auna tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. Ninka awon ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877, ka samu nauyinsa da kilo. Misali, ƙirji 160 da tsawo 150 zai ba ka kilo 323. Abin da ya kamata ya ɗauka, har da sirdi da jalala, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 65 a wannan misalin. In awonsa ke nan, ka ga kilo 80 ya yi masa yawa, balle a kwaltar Kumasi da rana tsaka.

Sannan taɓa jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ka ƙirga bugun zuciyarsa. Yana hutawa, bugun 28 zuwa 44 ne a minti. Sa shi sassarfa na minti 10. In bayan hutun minti 15 bugun bai sauko ƙasa da 60 ba, bai horu ba. Danna gadon bayansa da yatsu, in ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, mai yiwuwa akwai ciwo. Don Allah kada ka hau shi haka.