Hurar shago ta dubu biyu, ta ci kuɗinta kuwa?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce abokanka sun ja ka wani sabon shagon hura nan cikin Gusau, aka kawo maka kofi guda naira dubu biyu, kana son ka ji ko da gaske ta kai kuɗin ko ko ana yi muna wayo ne da fitila mai launi da kujerun roba. To bari in gaya maka abin da na sani, don ni hura na sha ta ƙauye na sha ta shago, kuma ni kaina na taɓa buɗe irin shagon nan na rufe shi da hannuna, ba jita-jita zan ba ka ba.

Farko dai mu yarda da abin da ake kira hura, don yanzu komi aka zuba cikin gora aka sa a firij sai a ce hura ce. Ni a hannun kakata na tashi, wani ƙauye gefen Bunguɗu, kuma hurarta tun da hantsi ake fara aikinta. A surfa gero a sheƙe dusa a wanke a rege tsakuwa, a daka shi da citta da kanunfari da masoro da ɗan barkono, a cura manya-manya a jefa cikin tafasasshen ruwa, in ta dahu a kwashe da zafinta a zuba turmi, to nan fa aikin yake, kirɓi. Mata biyu taɓare biyu, ana yayyafa ruwa kaɗan kaɗan har sai ta yi danƙo ta fara riƙe taɓarya, kana daga zaure kana jin sautin ya canza daga kwas kwas ya koma ɗif ɗif ka san ta kusa. Sannan a cura ƙanana a birkiɗa su cikin gari. Wagga hurar in ka gutsura ko ba nono za ka ci abarka, yaji na kama maka maƙoshi a hankali. Sai Bafulatana ta iso wajen azahar ta sauke ƙwarya ta ɗaga faifai, in kuɗinka kaɗan ne ta auna maka tsala wanda an riga an kaɗe an cire man shanunshi, in aljihu da nauyi ta ba ka kindirmo mai kauri da maiƙonshi a sama. A dama da ludayin duma, a bar ɗan gudaji-gudaji yadda haƙori zai samu aiki. Ba ƙanƙara ba komi, sanyin randa kawai.

Yanzu mu dawo shago. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, akasarin shagunan nan ba nonon shanu suke amfani da shi ba, madarar gari ce ta buhu ake damawa da ruwan ɗumi a zuba ɗan tsohon yogot a rufe ta kwana ta kama. Kuma ita madarar buhun ma kashi-kashi ce, mai sauƙin kuɗin an cire mata man nonon an maye gurbinshi da man itace, shi ya sa wani lokaci in ka sha sai ka ji wani abu ya shafe maka dasashi kamar ka lashi kyandir. Ba haramun ba ne ba kuma guba ba ce, ni ma da ita na yi sana'ata, amma ba kindirmo ba ne kuma bai kamata a sayar maka da ita da sunan kindirmo ba. Hurar kuma wasu ba su kirɓa ta, gari ne ake dafawa a juya a jefa blanda, blanda ta murje komi ya koma kamar kunu, a cika suga a yanka kwakwa da dabino a sama don hoto ya yi kyau.

To mi ya sa tsada tunda kayan ba na asali ba ne? Nan ne zan ɗan kare masu shagon, don na ɗanɗana. Na buɗe nawa a 2022, ɗan shago ɗaya da firiza biyu da yaro guda mai taya ni. Wallahi geron da kayan yajin su ne mafi arha a cikin lissafin gaba ɗaya. Abin da ke cin kuɗin sanyi ne. Wuta ba ta tsayawa, dole janareta ya yi ta kuka tun safe har dare, ga hayar shago, ga gora da murfi da sitika da cokalin roba da leda, ga albashin yaro. Ana haka ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da ɗari biyu a gidan mai ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki, wata na zagayowa aka saki naira ita ma, madarar gari kuwa daga waje ake shigo da ita da dala, kowane sari na je sai in tarar buhu ya ƙara kuɗi. In ka ƙara wa kofi ɗari biyu kwastoma ya yi maka kallon ɓarawo, in ba ka ƙara ba kana ci daga uwar kuɗi.

Abin da ya ƙarasa ni wani dare ne cikin zafin bazara, na haɗa gora arba'in na jera a firiza na tafi gida, ashe an ɗauke wuta tun sha ɗaya, yaron ya ja janareta ya ƙi tashi shi kuma tsoro ya hana shi kirana. Da safe ina ɗaga murfin firiza wani tsami ya buge ni, gorunan sun kumbura sun yi tumbi, ina taɓa ɗaya murfin ya yi tsalle hura ta wanke mini gaban riga har gemu. Maƙwabcina mai cajin waya dariya har da riƙe ciki. Ranar na zauna bakin shago na yi lissafi da biro a bayan kwali, bayan wata biyu na sayar da firizojin.

Za ka ce to mi ya hana su sayen nonon gaske? Ai kai ma ɗan jihar nan ne ka san amsar. Rugagen da ke kawo nono cikin gari da yawa sun watse, wasu an kore masu shanu wasu sun yi ƙaura, hanyoyin ƙauye kuma ba kullum ake bin su ba. Ka tuna 2021 lokacin da aka datse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, nono sai da ya zama kamar zinari. Ko lafiya lau ma saniyarmu ta gida ba mai yawan nono ba ce, lita ɗaya zuwa biyu ake tatsa a rana, da rani kuwa abin ya ƙara ja baya, shi ya sa wasu masu tallan suke ƙara ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Kenan ita ma ta ƙwaryar ba kullum take ta Allah da Annabi ba, sai ka san hannun da kake saye. Mai shago da ke son kofi ɗari kullum iri ɗaya ba zai iya dogara da wannan ba, buhu ya fi mashi kwanciyar hankali.

Ni dai hukuncina, dubu biyun nan ba kuɗin hura ba ne, kuɗin sanyi ne da wurin zama da fanka da wanke kofi. In abin da ka je nema kenan to ba a cuce ka ba. Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu garin nan kamar tanda, ko ka yi baƙo daga Kaduna kana son wurin da za ku zauna ku yi magana ba ƙuda, ko ka ɗauko wadda kake nema, ka biya kawai kar ka tsaya ciniki ka ba da mu. Amma ka mayar da shi abin kullum, dubu sittin a wata kan hura? Haba malam, ko albashin naka na sanata ne.

In kana son ka gane ko shagon na ƙwarai ne, ka koma ka ce a dama maka ba suga ba ƙanƙara, kuma a nuna maka curin hurar kafin a jefa. Ka latsa da yatsa, in ta yi danƙo ta lotsa ba ta farfashe ba an kirɓa ta, ka shinshina ka ji citta da kanunfari. Sanyi da zaƙi su ke rufe asirin hurar banza, da an cire su gaskiya take fitowa. Akwai masu yi tsakani da Allah, na san wani da har yanzu wata dattijuwa ke kirɓa mashi a turmi kullum kuma yana haɗa kindirmon gaske in ya samu, wannan ko dubu biyu da ɗari biyar ya ce zan ba shi ban yi ƙorafi ba, don na san wahalar da ke ciki.

Ni yanzu wata baiwar Allah ce a layinmu nan Tudun Wada nake sayen curi wurinta, in aiki yaro tsohuwar kasuwa ya samo kindirmo wurin wata Bafulatana da muka saba tun ina da shago, uwargida ta dama muna a ƙwarya mu sa ƙanƙarar ɗari. Kuɗin kofinka guda yana isar mu mu biyar, har ƙaramin ya lashe ludayi.