Kada ka goge hannun mahaifinka daga jikin bindigar

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Na karanta tambayarka sau biyu kafin na ce bari in sa baki. In na fahimce ka daidai, bindigogi biyu ne a hannunka: taka ta farko mai baki ɗaya, wadda ka koyi harbi da ita, da kuma mai baki biyu ta marigayi, wadda ta zo hannunka bayan rasuwarsa. Kana son sabuwa, don haka ka yi niyyar sayar da taka ka yi ciko, ta marigayi kuma ka kai a kankare ta, a sake mata rini da katako, ta dawo kamar yau ta fito daga kamfani. Amma duk sanda ka ɗauko ɗaya daga cikinsu sai jikinka ya yi sanyi, har kake tambaya ko wauta ce mutum ya shaƙu da ƙarfe da katako haka.

Ba wauta ba ce. Abubuwan nan biyu da kake shirin yi ni duk na yi su, shi ya sa za ka ga amsar ta yi tsawo. Ka yi haƙuri da surutun tsoho.

Bindigata ta farko Baikal ce mai baki ɗaya, ƙirar Izhevsk ta Rasha, irin wadda ake karya ta a tsakiya a sa harsashi ɗaya a rufe. Ba ta da wani kyau, ba ta da nauyi, kuma saboda rashin nauyin nan harbinta kamar na jaki. Ranar da na fara ɗana ta ban manna gindinta da kafaɗa yadda ya kamata ba, na kwana uku ba na iya ɗaga hannu in sa riga, kuma ban gaya wa kowa ba don kada a yi mini dariya. Ita ta koya mini jira, domin mai harsashi ɗaya ba ya harbin ganganci. Bayan wasu shekaru na sayar da ita na cika na sayi Remington 870, kuma maganar gaskiya sabuwar ta fi ta ta kowace fuska. Ai ba a banza aka ƙera sama da miliyan 10 na samfurin nan ba tun fitowarsa a 1950. Na yi shekaru ban ko tuna da tsohuwar ba. Sai ranar da ɗana ya isa a fara koya masa, na buɗe ma'aji ina neman abin da zan ɗora masa a kafaɗa, na ga wadda nake nema ba ta nan. Na bi sawun wanda ya saya, shi ma ya daɗe da rabuwa da ita, bai ma tuna wa ya ba. Daga baya na samo irinta sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Na riƙe ta, babban yatsana ya tafi neman wani ɗan tabo da wayar shinge ta yi wa tawa a gefen katako, bai samu ba. Nan na gane ba bindigar nake nema ba, yaron da ya riƙe ta nake nema.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wani ɓangare na wannan hali. A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun wallafa sakamakon wani gwaji: an raba wa wasu ɗalibai kofuna, wasu ba a ba su ba, sai waɗanda aka ba suka riƙa neman kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ne fa da bai yi awa guda a hannunsu ba. To ina ga abin da ya yi shekaru a kafaɗarka? Wannan ya bayyana dalilin da ya sa duk tayin da za a yi maka za ka ji kamar zagi ne. Kuma ka sani, irin waɗannan masu baki ɗaya ba sa kawo abin kirki a hannu na biyu, cikon da kake tsammani ba zai kai inda kake zato ba. Shawarata a kan taka: in ba matsi ba ne, ko doka ta ƙayyade maka adadin da za ka riƙe, bar ta, ka jinkirta sayen sabuwar. In kuma dole ce, sayar wa wanda ka sani, mai takarda, ka roƙe shi duk ranar da zai rabu da ita ya fara tuntuɓarka. Zafin wannan mai sauƙi ne, naka ne kai kaɗai, kuma yana hucewa.

Ta gado ce nake so mu zauna a kanta.

Ta mahaifina ƙirar Birmingham ta Ingila ce, baki biyu a jere. Da ta zo hannuna, idon saurayi na kalle ta da shi: katako ya yi baƙi, rinin ƙarfe ya koɗe, ga wata tsaga a wuyan katakon da ya ɗaure da siririyar wayar tagulla, ya naɗe ta tsaf kamar zaren ɗinki. Na ce wannan ai wulaƙanci ne ga abin Baba, bari in girmama shi. Na sayo samfefa, na zauna dare biyu ina gurza. Na warware wayar. Na shafa man ƙyalli har sau uku, na kai ƙarfen aka sake rina shi baƙi ƙirin. Ta fito tana walƙiya, ni kuwa ina ta jin kaina.

Yayata ta zo, na ɗauko ina nuna mata da alfahari. Ta karɓa, ta juya ta, ta shafa gefen gindin inda ake ɗora kunci, ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Wannan kuma ta waye?"

Ban samu amsa ba. Sai a lokacin na tuna abin da na gurje. Baƙin da ke gefen katakon ba datti ba ne, wurin da kuncinsa ya riƙa sauka ne shekara da shekaru, gumi da man fuska suka shiga itacen. Ƙananan zanen da ake yi wa wuyan katako don kada hannu ya zame, nasa sun shafe a daidai inda babban yatsansa ke zama, kuma da na lura da na gane cewa shi ya fi ni matsar da hannu gaba. Farin da ke ƙarƙashin ƙarfen, gaban kunama kaɗan, nan yake riƙe ta in yana tafiya. Wayar tagullar kuwa, ashe Yaya tana zaune a gabansa ranar da ya naɗa ta, ita ta riƙe masa bakin wayar. Duk wannan na mayar da shi gari na share da tsintsiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bindigar tana nan har yau, tana harbi lafiya, amma kamfani ne ya dawo jikinta, Baba ya fita.

Ko ta fuskar kuɗi ma asara na yi. Masu tara tsofaffin bindigogi sun fi daraja wadda ke da rininta na asali ko ya koɗe a kan wadda aka sabunta, kuma gurzar ƙarfe tana cinye gefen rubutu da tambarin da ke jiki, mai ido yana gani daga nesa. Amma wannan ƙaramar magana ce.

Ba ina cewa ka zuba mata ido ta lalace ba. Kiyayewa daban, sabuntawa daban. Jar tsatsa mai ɓarɓashi tana cin ƙarfe, dole a tsayar da ita: ɗan mai na bindiga da tsumma mai laushi, a hankali, ba da ƙarfi ba. Launin ƙasa-ƙasa mai santsi da tsufa ya bari kuwa, ka ƙyale shi. Mai kaɗan ake shafawa, ba wanka ake mata ba, domin in ya yi yawa yana gangarawa ya jiƙa katako a inda ya haɗu da ƙarfe, ya sa shi laushi har ya tsage. Shi ya sa wasunmu ke jingine tsofaffi baki a ƙasa. Kada ka bar ta wata da watanni cikin jakar yadi ko ta soso, suna riƙe laima. Duk wanda ya taɓa ƙarfen, goge bayansa, gishirin gumi yana barin hoton yatsa da tsatsa. Tsaga a katako kuma gwani yana iya liƙe ta daga ciki ba tare da ya taɓa fuskar itacen ba. Abin da ya kamata in yi ke nan, in bar wayar a inda take.

Sai dai akwai inda shaƙuwa ke zama haɗari, so hana ganin laifi. "Ai Baba ya yi shekara arba'in yana harbi da ita" ba hujja ba ce cewa za ta ɗauki harsashin yau. Kafin ka sa mata ko ɗaya, kai ta wurin mai gyaran bindiga da ya san tsofaffi. In ka cire ɗan katakon gaba ka raba bututun da gindi, za ka ga ƙananan tambura a ƙarƙashi. Alamun gwaji ne. A Birmingham akwai gidan gwajin bindigogi da aka kafa tun 1813, yana aiki har yanzu, kuma tamburan nan suna faɗin irin albarushi da girman harsashin da aka gwada ta da su. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa, mazaunin harsashinsu milimita 65 ne, alhali harsasan da suka fi yawa yanzu na 70 ne. Tarkon shi ne, tsawon da ake faɗa na kwanso ne bayan ya buɗe, don haka na 70 zai shiga, bindiga ta rufe lafiya, sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsin ya hau. In kuma ka ga jikin bututun da zane kamar igiyar ruwa ko murɗaɗɗiyar igiya, wannan shi ake kira Damaskas: siraran ƙarafa aka naɗe a jikin sanda aka haɗe su da wuta. Yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, shi kuwa albarushi marar hayaƙi da ke cikin harsashin yau, irin wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884, yanayin matsinsa daban ne, ga shi tsatsa tana iya ɓuya a tsakanin naɗin inda ido ba ya kai wa. Harsashi mai ƙwayoyin baƙin ƙarfe maimakon dalma shi ma yana iya kumbura bakin tsohon bututu. Akwai ɗan gwajin da za ka iya yi a gida: rataye bututun kaɗai da zare, ka ƙwanƙwasa da bayan farce. In ya yi amo kamar ƙararrawa, haɗin da ya riƙe bututun biyu yana nan. In ya yi dum kamar fasasshiyar tukunya, wani wuri ya saki. Wannan bai maye gurbin gwani ba, fara sani ne kawai. In ya ce kada a sake harba ta, ka ji maganarsa. Hannunka na hagu a kan bututun nan yake zama. Ba ta rage komai ba don ta yi ritaya.

Abu biyu kuma a gurguje. Lasisin marigayi ba ya bin bindiga zuwa hannun magaji, a ƙasashe da yawa sai ka nemi naka ko ka sanar da hukuma, kuma dokar kowace ƙasa daban ce. Je ka tambaya tun yanzu, kada abin tunawa ya zame maka abin tuhuma. Ka kulle ta, harsashi a wani wuri daban, musamman in akwai yara, domin bindigar kaka ta fi kowace jan hankalinsu. Na biyu, ka zauna da 'yan'uwanka. Ko an bar maka ita kai kaɗai, abin da ke jikinta ba naka ba ne kai kaɗai. Ni da na tambayi Yaya kafin in ɗauki samfefa, da kalma ɗaya ta ishe ni.

Wani abu da na yi daga baya, ya ɗan rage mini zafi: na sami ƙaramin littafi na bi duk wanda ya san Baba da bindigar nan ina tambaya. A wurin wa ya same ta, me ya tsaga katakon, wane ne ya taɓa ara bai dawo da ita da wuri ba. Wani tsohon abokin farautarsa ya ce mini Baba ba ya taɓa harba baki na biyu, kullum yana ajiye shi ko da wani abu zai taso. Na koma na leƙa cikin bututun biyu a haske, na hagu kuwa ya fi na dama santsi nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai samfefa ba ta kai gare shi ba. Littafin yana cikin ma'aji kusa da ita. In mahaifiyarku tana raye, ko wani abokinsa, fara da su a makon nan.

In ka samu dama, ɗauko mana hoton tamburan da ke ƙarƙashin bututun, da na gefen katakon inda kunci ke sauka, amma ka rufe lambar bindigar da yatsa. Zan duba in gaya maka abin da na gane, kuma akwai waɗanda suka fi ni ido a nan. Kafin nan dai, kada ka bari kowa ya kusance ta da samfefa, ko da kai ne.