Ungozomomi a Kan Dawakai: Gaskiya Ce ko Tatsuniya?

Tambaya: 'Yata ta karanta wani littafin yara a kan ma'aikatan jinya da ke hawa dawakai suna zuwa karɓar haihuwa a cikin duwatsun Amurka. Shin hakan ya faru? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, labarin gaskiya ne. A shekarar 1925 Mary Breckinridge ta kafa ƙungiyar Frontier Nursing Service a gabashin jihar Kentucky, yankin tsaunuka inda babu hanyar mota, likita kuma sai an yi doguwar tafiya. Ta shiga aikin ne bayan 'ya'yanta biyu sun rasu suna ƙanana, ta je Landan ta koyi ungozomanci, sannan ta ɗauko ƙwararrun ungozomomi daga Birtaniya. Sukan tsallake koguna cikin dare da fitila, kayan aiki na cikin jakar sirdi, har ake gaya wa yaran yankin cewa a jakar nan ake kawo jarirai. A 1928 suka buɗe asibiti a garin Hyden.

Ki zauna ki karanta tare da ita, domin irin waɗannan littattafai sukan taɓo mutuwar uwa ko jariri, kuma yarinya za ta buƙaci wanda zai amsa tambayoyinta.