Rufi ko bamba: ina zan kafa eriyar oba-oba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigila da Land Cruiser tsakanin Agadez da Dirkou, inda babu sabis na waya. Na sayi rediyon oba-oba na mota, samfurin VHF. Makanike ya ce a ɗaura eriyar a bamba ta gaba kamar ta motocin ƙungiyoyin agaji, yayana kuma ya ce rufi. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bi maganar yayanka. Abin da makanikenka yake gani a motocin agaji eriyar HF ce, wato ta rediyon gajeren zango mai kai saƙo nesa, irin ta kamfanin Codan, mai kauri a gindi, doguwa, ga nauyi. Dole ce ta sa ake ajiye ta a bamba, don in aka ɗora ta a rufi jijjiga za ta yage ƙarfen. Ita HF saƙonta sama yake tafiya ya dawo ƙasa, shi ya sa take cin ɗaruruwan kilomita.

Taka ba haka take ba. VHF, wato rediyon magana ta kusa, miƙe take tafiya, duk abin da ya tare ta ya rage mata ƙarfi. A wajen zangon 150 MHz na VHF gajeriyar eriya ba ta wuce rabin mita ba, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinta shi ne rabin aikinta. Tsakiyar rufi ke ba ta tsayi da faffaɗan ƙarfe ta kowace fuska. In ka sa ta a bamba, bodin motar zai tare bayanka, abokin tafiyar da ke biye da kai ya riƙa jin ka tsinke-tsinke.

Na san huda rufi na da ciwo, amma shi ne daidai. Eriya mai maganaɗisu, wadda ake mannawa ba tare da huda ba, ta gwaji ce. A gargadar Tenere za ta goce, yashi ya shiga ƙarƙashinta ya ci fenti. A kankare wurin noti ta ciki har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a toshe ta waje saboda ruwa. In kana lodin jarkoki a kariyar rufi, to a tabbata eriyar ta fi kayan tsayi. Kebul kuma kada ƙofa ta riƙa matse shi.

Kafin ka biya kuɗin aiki, a auna SWR a gabanka, wato awon da ke nuna ko eriyar ta dace da rediyon. Ƙasa da 1.5 ya yi, in ya haura 3 kada ka danna makirfo, rediyon zai iya ƙonewa. Kuma ka sani, VHF daga mota zuwa mota 'yan gomomin kilomita take kaiwa. In daga Dirkou kake son jin gida, sai HF ko wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya. Batun lasisin mitar rediyo, ka tuntuɓi ARCEP, hukumar kula da harkokin sadarwa ta Nijar.