Leburorin Sin da ciwon ciki a layin dogon Amurka

Kana tambayar me ya sa 'yan Sin da suka yi wa kamfanin Central Pacific aikin layin dogo daga 1865 zuwa 1869 ba su cika kwanciya da ciwon ciki kamar Turawa ba. Ruwan sha ne, malam. Su shayi suke sha, ruwansa tafasasshe, Turawa kuwa ko kududdufi suka tarar sai su ɗiba.

Amma kada ka ɗauka gatan kamfani ne. Albashinsu bai kai na Turawa ba, kuma daga ciki suke sayen shinkafa da busasshen kifi da ganye, kowace ƙungiya da kukunta. Duk wanda ya taɓa aikin hanya a daji ya san ruwa ke fara kayar da lebura. Sai dai shayin bai kare su daga ƙanƙarar duwatsun Siyera Nebada da fashewar nakiya ba.